Tabkin Madarumfa: Dukiyar Jahar Maraɗi Da Rairayi Ke Neman Binnewa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dakoro ba sai an karanta masa darajar ruwa ba. Ya san rijiyar da guga ke yin gaba talatin ko arba'in kafin ya taɓa ruwa, ya kuma san makiyayin da ke kwana bakin rijiya da garkensa yana jiran a zo kansa. Amma abin mamaki, cikin ƴan kasuwarmu da ma'aikatanmu da ke zuwa Maraɗi kowane mako, ƙalilan ne suka taɓa ƙara tafiyar kilomita 25 kudu domin su ga tabki mafi girma a jahar nan, wanda ba ya ƙafewa rani da damina. Wannan shi ne tabkin Madarumfa.

A wasu ƙasashe, tabki irin wannan shi ke ciyar da gunduma sukutum. Turawan Faransa da na Suwis sun mai da tabkunan da ke tsakanin tsaunukansu wuraren shaƙatawa, inda mai otal da mai kwalekwale da mai sayar da abinci duk ke samun na sawa a bakin salati. Mu dai Allah bai ba mu tsauni a jahar Maraɗi ba, amma ya ba mu ruwa da daji da tarihi a wuri guda. Abin tambaya shi ne, shin za mu ci moriyarsu, ko kuwa za mu zuba ido har rairayi ya gama binne su?

Daga Tarka Zuwa Gulbi

Jahar Maraɗi tamkar tsani take, kowane mataki da irin ƙasarsa. Can arewa akwai kwarin Tarka, tsohon kogi da ya daina gudana tun zamanin da ba a iya tunawa, wanda a yau ya zama makiyayar Fulani da Abzinawa. A wajajen nan ne dokar shekara ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. In matafiyi ya baro Dakoro ya yi kudu ta Kornaka, sai ya tsallake Gulbin Kaba, wanda ya samo sunansa daga kabar goruba da ta cika shi. Daga nan sai Tibirin Gobir, sai Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 120 ke nan. Duk inda aka ƙara nausawa kudu, sai a ga itatuwa na ƙara kauri, ƙasa na ƙara duhu, domin ruwan saman da Madarumfa ke samu a shekara ya ɗara na Dakoro nesa ba kusa ba.

Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa, inda ake kiransa kogin Gada. Yana shigowa Nijar ta wajen Nyalwa, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Ba ya gudana sai da damina, amma in ya kawo ba ya da wasa. Dattawa ba su manta da ambaliyar shekara ta 1945 ba, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, har aka tashe shi aka mai da shi kan tudu inda yake a yau.

Shi kuwa tabkin, kwari ne da ruwa biyu ke cikawa. Na farko Gulbin Gabi, wanda ke gangarowa daga kudu ya zube cikinsa kai tsaye. Na biyu Gulbin Maraɗi, wanda in ya tumbatsa yakan tura wani kaso na ruwansa cikin tabkin. Saboda haka girman tabkin na bin shekara: a ƙarshen damina mai albarka yakan mamaye kusan hekta 800, da bazara kuwa ya janye ya tsaya a wajen hekta 500. Zurfinsa bai wuce ƴan mitoci ba. Wannan rashin zurfi shi ne sirrin albarkarsa, domin rana na ratsa ruwan har ƙasa, ciyawar ruwa ta tsiro, kifi ya samu abinci. Shi ne kuma rauninsa, domin ruwa maras zurfi ba ya jure zafin rana da zubar rairayi.

Masu Cin Abinci A Bakin Ruwa

Garin Madarumfa, cibiyar gundumar, yana bakin tabkin, haka ma ƙauyuka irin su Ɗan Tudu da Saulawa da Gamji. Mafi yawan jama'ar Hausawa ne Katsinawa, kuma tarihinsu haɗe yake da na Maraɗi. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a shekara ta 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafa sabuwar sarautarsu a wannan kwari, kamar yadda Gobirawa suka kafa tasu a Tibiri a shekara ta 1836. Dajin da ke bakin gulbi ya ba su mafaka, fadamar kuma ta ba su abinci.

Sana'o'i uku ke haɗuwa a bakin tabkin. Akwai masunta, masu shiga da kwalekwale tun da asuba da taru da koma da mamari, suna kamo karfasa da tarwaɗa da gaiwa da giwan ruwa. Bayansu akwai mata masu suya da banda, da dillalan da ke kai ɗanyen kifi Maraɗi kafin rana ta ɗaga. Akwai masu noman rani, waɗanda ke bin ruwa yayin da yake janyewa suna dasa tumatir da albasa da tattasai da dankali a cikin laka mai danshi. Ba da nisa ba kuma ga fadamar Jiratawa, wadda hukumar ONAHA ta gyara, inda zogalen da ya yi suna a kasuwannin ƙasar nan ke fitowa. Sai na uku, makiyaya, waɗanda da yawansu daga wajenmu suke gangarowa bayan an kwashe amfanin gona, su shayar da dabbobi a nan kafin su wuce kudu. Ashe ke nan ɗan Dakoro ma yana da rabo a wannan ruwa, ko da bai taɓa ganinsa ba.

Ba ƴan Adam kaɗai ke baƙunci a nan ba. Da sanyin hunturu tsuntsayen ruwa kan tsallako hamada daga ƙasashen Turai su sauka a tabkin, su tarar da ƴan gida irin su zalɓe da balbela da kirinjijiya da dinya. Saboda waɗannan tsuntsaye da kifin ne aka sanya tabkin, a watan Disamba na shekara ta 2019, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a shekara ta 1971. Tabkin Gidimuni na jahar Damagaram ma a rana ɗaya suka shiga.

Waliyyai Casa'in Da Tara

Abin da ya bambanta Madarumfa da sauran tabkunan ƙasarmu, kamar na Tabalak a jahar Tawa, shi ne kaburburan da ke kewaye da shi. Ruwayar mutanen gari ta ce waliyyai 99 ne ke kwance a kewayen ruwan, wasu an san makwancinsu an kewaye shi, wasu kuma a ɓoye suke. Ana kuma ba da labarin wani haske da kan bayyana a daren Juma'a a inda bawan Allah yake kwance. Masu ziyara na zuwa daga sassan Nijar da Najeriya domin addu'a da sadaka.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa malamanmu sun saɓa a kan hukuncin irin wannan ziyara, kuma shafin jarida ba shi ne zauren da za a yanke wannan magana ba. Amma akwai abin da kowa zai yarda da shi: girmamawar da jama'a ke yi wa wurin ta taimaka wajen kare itatuwan da ke kusa da kaburburan, kuma baƙon da ya zo, ko wace niyya ta kawo shi, zai ci abinci, zai hau mota, zai nemi wurin kwana. A shekara ta 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunayen abubuwa uku a haɗe, wato tabkin, da kaburburan, da gandun dajin Madarumfa mai hekta 830, domin a sa su cikin jerin wuraren da ke jiran zama kayan gadon duniya. Jerin jira dai ba shi ne shiga ba. Kafin a kai can, sai an nuna wa duniya cewa masu wurin na kula da abinsu.

Barajin Jibiya Da Rairayi

A nan ne gizo ke saƙa. A shekara ta 1989 Najeriya ta kammala barajin Jibiya a kan kogin Gada, ƴan kilomitoci kaɗan daga iyakarmu, wanda ke iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 142. Tun daga lokacin, ruwan farkon damina sai ya cika barajin kafin ya wuce. Ambaliyar da a da ke malale fadama, ta shayar da ƙasa, ta cika rijiyoyi, ta tura ruwa da ƴaƴan kifi cikin tabki, sai ta ragu, lokacinta kuma ya gajarta. Ƙasashen biyu sun san da matsalar. A watan Yuli na shekara ta 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na cikin huɗun da aka ambata da suna. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun shekara ta 1971, mai mazauni a Yamai. Takarda dai tana nan. Abin da manomin Madarumfa ke buƙata shi ne ya san ranar da za a saki ruwa da yawan da za a saki, domin ya san abin da zai shuka.

Amma kada mu ɗora wa maƙwabci laifin duka, domin rairayin da ke cike tabkin daga gonakinmu yake fitowa. Yadda abin ke faruwa a fili yake. In aka sare itatuwan tudu aka nome har bakin rafi, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsai da shi ya nutse. Sai ya kwaso ƙasa ya yi zaizaya, ya haƙa kwazazzabai, ya zuba abin da ya ɗauko a inda gudunsa ya ƙare, wato cikin tabki. Kowace damina gindin tabkin na ƙara tasowa. Ruwan da ya rage sai ya bazu ya yi faɗi ba zurfi, rana da iskar bazara su shanye shi da wuri. Inda ruwa ya janye kuma sai mai gona ya matso, shekara mai zuwa ya ce gadonsa ne. Ga kuma taru mai ƙananan idanu da ke kwashe kifi tun bai yi ƙwai ba. Dajin Baban Rafi da ke kudu, wanda har a shekarun 1990 giwaye ke shigowa cikinsa daga Najeriya, shi ne ya daɗe yana ba Maraɗi itacen girki, kuma duk itacen da ya faɗi a can, tabkin na ji a jikinsa.

A kan wannan kuma sai ga matsalar tsaro. A shekara ta 2019 dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina suka kwararo jahar Maraɗi, ɓarayin shanu da masu satar mutane domin kuɗin fansa kuma suka addabi ƙauyukan bakin iyaka na gundumomin Madarumfa da Gidan Rumji. An rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa watan Maris na 2024. Baƙo kuwa kamar tsuntsu yake, ba ya sauka inda ya ji ƙarar harbi.

Darasi Daga Wurare Uku

Kafin wani ya ce a gina babban otal a bakin ruwa, ya kamata mu dubi abin da ya faru ga waɗanda suka riga mu.

Na farko Kano. A zamanin gwamna Audu Baƙo aka gina barajin Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, aka kuma gina wani a bakin tabkin Bagauda. Wuri ne mai kyan gani, duwatsu da ruwa sun haɗu, kuma Kanawa sun yi yayinsa. Amma da yake na gwamnati ne, ba mai shi, da kuɗin gyara suka yanke sai gine-ginen suka lalace. Na Bagauda daga baya makarantar horon lauyoyi aka mai da shi. Gini ba ya riƙe kansa.

Na biyu Abzin. Can ne ƙasarmu ke da tsaunuka na gaske, har da Bagazam mai tsawon mita 2,022, da garin Timiya mai lambunan lemu da rumman, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse ya taru a kwarmi. An yi zamanin da jiragen sama ke kawo Turawa Agadas kai tsaye daga Faransa, direbobi da ƴan jagora da maƙeran azurfa suna samu. Tawayen shekarun 1990 ya tsai da harkar, ta farfaɗo bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995, sai tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka sake durƙusar da ita. Wanda ya dogara ga baƙon nesa kaɗai, ranar da baƙon ya ji tsoro sai tukunyarsa ta huce.

Na uku tabkin Anesi, a tsaunukan Alp na Faransa, wanda ma'aikatanmu da suka yi karatu can suka sani. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙazantar garuruwa ta kusa kashe shi. A shekara ta 1957 ƙananan hukumomi takwas na kewayensa suka haɗa kai suka kafa hukuma guda, suka kewaye tabkin da bututun kwashe ƙazanta. Yau ana lissafa shi cikin mafi tsabta a Turai, kuma a kan wannan tsabta ne otal-otal ɗinsu ke cin abinci. Sun fara gyara ruwa, sannan baƙi suka zo.

Rabon Dakoro

Mai karatu zai ce, to mu mutanen arewa ina ruwanmu? Ruwanmu na nan. A arewa da Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji mai hekta 76,000, wanda aka keɓe tun shekara ta 1955. Yana cikin ƙasar Dakoro har zuwa 2011 da aka yanke Bermo ta zama gunduma, kuma har gobe ta Dakoro ake bi a je shi. UNESCO ta amince da shi a 2017 a matsayin wurin da ake kare halittu tare da mutanen da ke zaune cikinsa. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a mota aka sake su a can, bayan shekaru kusan hamsin da ɓacewarsu daga yankin. A 2022 aka ƙaro huɗu. Ga barewa, ga tabkin Akadane, ga taron Fulani Wodaaɓe bayan damina.

In aka haɗa waɗannan, jahar Maraɗi na da hanyar ziyara ta kwana uku ko huɗu: tabki da kaburbura a Madarumfa, fadar Katsina a Maraɗi da ta Gobir a Tibiri, kwana a Dakoro, sannan raƙuman dawa a Gadabeji. Dakoro ce zangon tsakiya. Mai masauki, da mai mota, da mai tuwo, da baduku, da mai sayar da cuku, duk suna da abin samu.

Su wa za su zo? Ba sai mun jira Bature ba. Akwai ma'aikacin da ke neman inda zai kai iyalinsa ranar hutu, akwai ƴan lakwal da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ke karanta tabkin a littafi ba su taɓa ganinsa ba, akwai masu ziyara, akwai kuma Katsinawa da Kanawa. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Katsina da Jibiya ta ratsa gundumar Madarumfa. Ranar da jirgi ya fara kai da kawowa, miliyoyin mutane za su kasance tafiyar sa'o'i kaɗan daga bakin tabkin.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

A yau mafi yawan masu zuwa Madarumfa a Maraɗi suke kwana, su zo da hantsi su koma kafin la'asar, kuɗinsu kuma ya koma tare da su. Gyaran wannan bai buƙaci miliyoyi ba. Ɗan kasuwa na iya farawa da ɗakuna biyar ko shida masu tsabta, da rumfa mai inuwa, da makewayi, da wurin alwala, da kwalekwale mai rigunan kariya, da mata masu gasa kifi a wuri mai kyau. Sharaɗi ɗaya ne: a yi da ƴan gari, kada a kore masunci daga mashigarsa ko a toshe wa makiyayi burtali da sunan gyara wa baƙo wuri. Duk shingen da ya raba mutane da ruwansu, daren farko za a fara cire shi.

Ma'aikata kuma nasu ya fi nauyi. Shugabannin ƙananan hukumomin da ruwan Gabi ke ratsawa su zauna tebur guda da sarakuna da ma'aikatan gandun daji, kamar yadda na Anesi suka yi. A shata iyakar tabkin da turaku tun kafin gonaki su cinye shi. A tare kwazazzabai da duwatsu, a bar sabon toho ya tashi a gonaki, dabarar da manoman jahar nan suka koya wa duniya tun shekarun 1980. A tsai da watannin hutun su, a hana taru mai ƙananan idanu, sarkin ruwa ya zama shi ne mai tsaro. Wakilanmu a hukumar haɗin gwiwa su riƙa tuna wa ƴan'uwanmu alkawarin Maiduguri. Kada kuma a jira furoje daga waje, domin furoje na da ranar tashi, tabki kuwa namu ne.

Hausawa na cewa da rashin tayi akan bar arha. Mutanen Dakoro sun ga yadda kwarin Tarka, wanda a wani zamani kogi ne, ya zama wurin da sai an haƙa gaba da yawa kafin a ga danshi. Wancan ikon Allah ne, ba hannun kowa a ciki. Amma in tabkin Madarumfa ya cike a zamaninmu, jikokinmu za su san hannun da ya yi. Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa, ya zaunar da iyakokinmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.